Ina Za a Haihu? Matakan Zaɓen Asibiti Ga Mai Ciki a Mairi

A gidajenmu na Mairi, a nan Maiduguri, an fi saurin yanke shawara a kan ragon suna fiye da asibitin da za a haihu. Ciki yana wata shida an riga an fitar da anko, an san gwaggon da za ta zo wankan jego, an ba da sautun turaren wuta da humra. Amma tambayi inda za a dosa in naƙuda ta tashi ƙarfe biyun dare, sai ki ji an ce, "Allah dai Ya raba lafiya." Amin. Sai dai tawakkali bai taɓa hana ɗaure raƙumi ba.

Yawancin haihuwa lafiya take zuwa, shi ya sa kowane layi yake da labarin wadda ta haifi goma a ɗakinta ko ciwon kai ba ta yi ba. Amma masana lafiya sun daɗe da ƙiyasta cewa cikin kowane ciki 100, kusan 15 za su zo da tangarɗar da sai ƙwararre ya sa hannu, kuma da yawa ba sa sallama kafin su shigo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata wajen 82,000 ne suka rasu a Najeriya a 2020 ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da rubu'in na duniya baki ɗaya. Ranar da komai ya tafi daidai, kowane gado gado ne. Asibiti ana zaɓensa ne don daren da jini ya ɓalle, ko jijjiga ta kama, ko ɗa ya gitta ya ƙi saukowa. Tambaya ɗaya ce za ki riƙe tun daga nan har ƙarshe: in abu ya ɓaci, minti nawa ne tsakanina da ɗakin tiyata da ledar jini?

Mataki na ɗaya: ki fara sanin wane irin ciki kike ɗauke da shi

Ba a zaɓen asibiti kafin a yi awo, domin awo ne zai gaya miki asibitin da ya dace da ke. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ita ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8, na farko kafin ciki ya wuce mako 12. Mu kuwa mun saba ɓoye ciki sai ya tasa riga, musamman cikin fari, saboda kunya da tsoron bakin mutane. Ki ɓoye wa maƙwabta in kina so, amma ban da nas.

A awon farko ki tabbata an auna hawan jini, an duba fitsari, an auna yawan jininki, an gaya miki rukuninsa, an duba sikila, an yi gwajin ƙanjamau da ciwon hanta. A yi hoton ciki, wanda muke kira sikanin, da wuri don a san kwanan wata, a sake wani can gaba don a ga kwanciyar ɗa da inda mabiyiya take. Sannan ki buɗe baki ki tambaya kai tsaye: "Sista, cikina na ƙaramin asibiti ne ko na babba?"

Akwai matan da amsarsu a bayyane take. Wadda aka taɓa yi wa aiki a haihuwar baya. Mai tagwaye. Mai hawan jini, wato wadda awonta ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce. Mai ciwon suga, ko sikila, ko ciwon zuciya. Wadda ta taɓa jijjiga, ko ta zubar da jini har aka ƙara mata, ko ɗa ya taɓa zuwa mata ba rai. Wadda aka ce ɗanta a zaune yake ko a gicciye, ko mabiyiya ta tare hanya. Yarinyar da ba ta kai 18 ba. Sai kuma wadda ta fi kowa raina haɗari, wato uwar da ta haihu biyar ko fiye, wadda za ta ce miki ita haihuwa ta zama mata shan ruwa. Mahaifar da ta sha ɗaukar ciki ba ta cika tsukewa da wuri bayan haihuwa ba, daga nan jini yake samun hanya. Duk wadda ta ga kanta a jerin nan, maganar ƙaramin asibiti ta ƙare mata, sai dai don awo.

Mataki na biyu: ki rarrabe asibitocin

Ba kowane gini mai allo da farar riga ne yake iya abu ɗaya ba. Ma'aikatan lafiya sun kasa wuraren haihuwa gida biyu. Na farko shi ne wanda zai iya ba da allurar tsayar da jini, da ta jijjiga, da maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, ya ciro mabiyiyar da ta maƙale, ya wanke mahaifa, ya taimaka a jawo ɗa, ya farfaɗo da jaririn da ya zo bai yi kuka ba. Cibiyar lafiya ta unguwa mai ungozoma ƙwararriya wannan ake sa ran ta yi. Na biyu yana yin duk waɗannan, ya ƙara da abu biyu: tiyata da ƙarin jini. Rai sau da yawa a kan biyun nan yake rataye.

Mu mutanen Mairi Allah Ya yi mana gyaɗar dogo ta fuskar wuri. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, wanda kowa ke kira TH, yana kan titin Bama, hanyar da muke bi kullum in za mu shiga gari. Na Gwamnatin Tarayya ne, tun 1983 aka buɗe shi, kuma can ake turo masu matsala daga sassan Borno da maƙwabtanta. Akwai likitocin mata, akwai ɗakin tiyata, da ma'ajiyar jini, da sashen jarirai. Abin da za ki haƙura da shi shi ne abin da ke tattare da kowane babban asibiti: layi, yawo daga wannan taga zuwa waccan, da ɗalibai da za su tsaya a kanki suna koyo.

A tsakiyar gari akwai Asibitin Ƙwararru na Jiha. Akwai asibitin mata da yara na Maryam Abacha, da na tunawa da Mamman Shuwa. Can Bulumkutu kuma akwai na Umaru Shehu, amma daga Mairi sai kin ratsa garin kaf kafin ki kai. A 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF tare da Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Borno sun buɗe asibitin gaggawa na haihuwa da jarirai a Kushari, wanda aka yi musamman don karɓar matan da ƙananan cibiyoyi suka turo. Sai asibitocin kuɗi, waɗanda ba a yi musu kuɗin goro: wani ya fi na gwamnati kula, wani kuma kanti ne da gadaje.

Shawarata, ki fito daga wannan mataki da suna biyu a hannu. Ɗaya inda kike so ki haihu, ɗaya kuma inda za a garzaya da ke in na farkon ya gaza. In na farkon ƙarami ne, na biyun dole ya zama mai tiyata da jini. In ma TH kika zaɓa, ki ajiye na biyu, domin yajin aikin likitoci ko na sauran ma'aikatan lafiya ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, kuma naƙuda ba ta jiran a sasanta da gwamnati.

Mataki na uku: ki auna hanya da ma'aunin dare

Nan maigida zai shigo. Malam, tafiyar da kake yi da hantsi cikin keke ba ita ce tafiyar ƙarfe biyun dare ba. Tun 2011 aka hana babur a Maiduguri, don haka babu zancen a ɗora mace a bayan mashin. Keke kuwa in dare ya raba samunsa sai an sha wuya, ga shingayen jami'an tsaro da dole a tsaya a yi bayani. Ka nemi mutum biyu masu abin hawa tun ciki yana wata bakwai, ka yi magana da su baki da baki, ka karɓi lambobinsu, ka kuma sa a wayar matarka da ta mahaifiyarta. Mutum biyu na ce, domin ɗaya zai iya tafiya Damaturu ranar, ko motarsa ta kwana ba mai. In kana da taka motar, daga wata takwas kada tanki ya kwana a ƙasa. Katin awo da katin shaida su kasance a jaka ɗaya. A shinge, katin awo yakan gajarta magana.

Ka dubi lungunku ma. Wasu layukan Mairi da damina mota ba ta shiga sai an sha fama da taɓo. In haihuwar za ta faɗo a Agusta ko Satumba, ka san ta ina za a fito da ita zuwa bakin kwalta.

Sannan akwai kogi. Ba wanda ya zauna a garin nan da zai manta 10 ga Satumban 2024, daren da madatsar Alau ta ɓalle. Ruwa ya shanye gadar Legas da ta Gwange, gari ya rabu biyu, har TH ɗin kansa ruwa ya shiga, aiki ya tsaya. Ba kullum ake irin wannan ba, Allah Ya kiyaye gaba. Amma ta nuna mana abin da taswira ba ta faɗa: wasu asibitocin suna wannan ƙetaren kogin Ngadda, wasu suna wancan. Mai dabara takan sa asibitocinta biyu su zama ɗaya nan, ɗaya can.

Mataki na huɗu: ki je da ƙafarki, kuma ki je da yamma

Ranar awo kowane asibiti ado yake yi. Ki zaɓi wata yamma bayan la'asar, ko ranar Lahadi, ki je gaida wata mai jego ko ki ce kin zo ganin ɗakin haihuwa. Lokacin ne za ki ga asibitin da za ki tarar ranar naƙuda.

Zan gaya miki dalilin da ya sa na nace a kan wannan. Wata ƙanwata ta zaɓi wani asibitin kuɗi saboda tayil da na'urar sanyaya ɗaki da fara'ar mai karɓar baƙi. Duk watannin awo ba abin da za a kushe. Daren haihuwa, bayan ɗa ya fito, jini ya ƙi tsayawa. Sai a lokacin muka san likitan ba ya kwana, gidansa kuma can wani gefen gari. Nas ɗaya ce, ita ce kan uwa, ita ce kan jariri, ita ce kan waya. Motar asibitin tana nan a fake, direba ba ya nan. Maƙwabci ne ya kai mu babban asibiti, ni ina riƙe da ledar ƙarin ruwa ta tagar mota. Ta rayu, alhamdu lillahi, ɗan ma yanzu yana makaranta. Amma duk abin da ya same mu a daren nan, tambaya uku da rana tsaka da sun tone shi, kuma ba wanda ya yi su, har da ni.

To ga abin da za ki tambaya, kuma kada ki ji nauyi.

Wa yake kwana a ɗakin haihuwa? Ungozoma mai takardar aiki ce, ko mai taimako? Su nawa ne a aikin dare, mata nawa suke kula da su?

In ana bukatar aiki ƙarfe uku na dare, a nan ake yi? Likitan yana cikin asibiti ko kiransa ake yi? Mai ba da allurar barci fa? Mutane suna manta shi, alhali in babu shi likita ba ya taɓa wuƙa. Tambayi kuma yaushe rabonsu da yin aiki da dare. In aka tsaya tunani, kin samu amsa.

In abu ya fi ƙarfinku, ina kuke turawa, kuma da me? Asibitin kirki ba ya jin kunyar wannan tambaya. Zai ce miki wuri kaza muke turawa, muna rubuta takarda, muna kira kafin a isa, nas tana raka mara lafiya. Wanda ya bugi ƙirji ya ce shi ba ya tura kowa ko'ina, ki tsorata da shi.

Wuta fa? Mu da muka kwashe tsawon lokaci a duhu tun daga Janairun 2021, lokacin da aka lalata turakun layin Damaturu, ba sai an yi mana bayani ba. An buɗe tashar wuta ta iskar gas a 2023, amma har yau asibitin da ba shi da sola ko janareto mai lafiya ba wurin haihuwa ba ne. Kuma maganar ta wuce haske. Allurar oksitosin, wadda ake yi wa mace da zarar ɗa ya fito don mahaifa ta tsuke, a firji ake ajiye ta, tsakanin digiri 2 zuwa 8. A garin da zafin Afrilu yake haura 40, allurar da ta yi wata a cikin durowa tana iya rage ƙarfi, ko da kwalbarta sabuwa fil. Ki ce a nuna miki firjin. Ki tambaya ko suna da ƙwayar misoforostol, wadda ita ba ta bukatar sanyi, da kuma magnesiyam salfet na jijjiga.

Ta yaya suke auna jinin da mace ta zubar? Wannan tambayar za ta ba su mamaki, amma tana da tushe. Ƙa'ida ita ce in jini ya kai rabin lita bayan haihuwa, an shiga haɗari, ido kuwa yakan raina shi, musamman in zannuwa sun shanye. Wani babban bincike da aka fitar a 2023, wanda aka yi a asibitocin Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororinsa, ya nuna cewa shimfiɗa wata leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai haihuwa, tare da ba da magunguna gaba ɗaya da zarar an ga jinin ya kai, ya rage mummunar zubar jini da kusan kashi 60 cikin 100. Leda ce kawai da magunguna. In asibitin ya san da ita, alama ce suna bin zamani.

Bayan tambaya sai kallo. Akwai ruwa a famfo? Leƙa banɗaki, domin shi ne ba ya ƙarya. Akwai labule tsakanin gadaje? Ki kasa kunne ki ji yadda ake yi wa mai naƙuda magana. Mata da yawa da suka koma haihuwa a gida ba kuɗi ne ya kore su ba, tsawa ce da gori. In kika ji ana zagin wata a gabanki, ke ma haka za a yi miki. Sai dai a yi adalci: nas ɗin da take kula da mata takwas ita kaɗai ba za ta yi miki hirar 'yar'uwa ba, kuma na gwammace mai ɗaure fuska da ta san aikinta a kan mai murmushin da za ta rikice in ta ga jini.

Mataki na biyar: jini, tun kafin a nema

A asibitocinmu, in za a ƙara wa mutum jini, dangi ake cewa su kawo masu bayarwa. Neman mai ba da jini da tsakar dare, ana bugun wayar da ba a ɗauka, yana cikin abubuwan da suka fi cin lokaci. Ku tanadi mutum biyu ko uku masu lafiya tun wata takwas, ƙannen miji ko yayyenki ko abokansa, su san an sa rai da su. Ba lallai jininsu ya zama irin naki ba, domin sau da yawa maye gurbin wanda aka ɗauko daga ma'ajiya ake yi. Ki tambayi asibitin ko suna yarda a ba da jinin tun kafin haihuwa a ajiye.

In aka ce miki rukunin jininki mai alamar negatif ne, ki riƙe wannan da kyau. Irinsa yana da wuyar samu, sannan akwai allurar da ake kira anti-D da ake so a yi miki cikin awa 72 bayan haihuwa in jinin jaririn fozitif ne, don kare 'ya'yan da za su biyo baya. Tana da tsada, ba kuma ko'ina ake samunta ba. A neme ta tun da sauran lokaci.

Mataki na shida: kuɗi

Ki tambayi farashi biyu, na haihuwa da kanki da na aiki, ki kuma tambayi abin da ke ciki da abin da ba ya ciki: gado, magani, gwajin jini, kwanan jariri in an riƙe shi. Ku yi tanadi a kan na aikin. In ba a yi ba, kuɗin ya tafi hidimar suna, ba a yi asara ba. Ki karɓi jerin kayan haihuwa tun wata bakwai ki riƙa saye kaɗan-kaɗan. A riƙe wani abu a hannu, tsaba, saboda daren da tura kuɗi ta waya zai ƙi tafiya.

Ma'aikatan jami'a da sauran na tarayya masu inshorar lafiya su duba asibitin da sunansu yake, da yadda ake samun takardar turawa. Ma'aikatan jiha su tambayi hukumar inshorar lafiya ta jiha, wato BOSCHMA. A Nuwamban 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Kada ki dogara da abin da kika ji a rediyo. Ki je teburin asibitin da kika zaɓa ki tambaya ko suna cikin shirin, wa ya cancanta, wace takarda ake nema.

Mataki na bakwai: a gama magana a gida

Tun 1994 wasu masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, suka kasa jinkirin da ke kashe masu haihuwa gida uku: jinkirin yanke shawarar tafiya, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na biyu da na uku mun taɓa su. Na farko a tsakar gida yake, kuma shi ne ba ya cin ko sisi.

A zauna, ke da maigida da duk wadda maganarta take da nauyi, uwar miji ce ko mahaifiyarki. A faɗi sunan asibitin da baki. Maigida ya furta a gaban kowa cewa in naƙuda ta zo ba ya nan, a tafi, ba sai an jira shi ko an same shi a waya ba. A kuma yi maganar aiki tun yanzu. Mace baliga mai hankali tana da ikon sa hannu a yi mata tiyata, amma a aikace sau nawa ake tsayawa jiran miji, ko wani kawu ya ce a ƙara haƙuri za ta haihu da kanta? Doguwar naƙuda ita ce uwar yoyon fitsari, ita ce kuma take fasa mahaifa. Aiki ba ragwanci ba ne, Hajiya, kuma wadda aka yi wa ba ta fi wadda ta haihu a durƙushe son jiki ba.

In maigida yana da damuwa a kan likita namiji, a tambayi asibitin tun yanzu; ɗakunan haihuwa galibi mata ne ke riƙe da su. Amma a amince tun a gida cewa in rai ya zo wuya, wanda yake kusa shi zai yi. Malamanmu ba su yi saɓani a kan lalura ba.

Sai goyon ciki. In al'adar gidanku ita ce mai cikin fari ta koma gaban iyayenta, ko Biu ne ko Bama ko Potiskum, to duk matakan nan can za a yi su, ba a Mairi ba. Ta tafi da katinta da sakamakon sikanin, ta yi rajista a asibitin can da zarar ta isa. In kuwa tana cikin jerin matan mataki na ɗaya, ni dai ra'ayina a juya al'adar: uwa ta zo Maiduguri ta zauna da 'yarta. Tsohuwa ta sha wahalar mota ya fi a fito da mai jijjiga daga ƙauye da dare.

Mataki na takwas: kada a manta da baƙon

Muna zaɓen asibiti saboda uwa, mu manta mutum biyu ne za su fito. Ki tambaya ko akwai abin hura wa jariri iska in ya zo bai numfasa ba, da wanda ya iya amfani da shi a kowane aikin dare. Mintin farko shi ne komai. In bakwaini ne, suna da kwalba, ko ina suke kaiwa? Akwai fitilar shawara? Suna ɗora jariri a ƙirjin uwa su sa shi a nono cikin awar farko, ko sai an ba shi ruwa tukuna? Dakashin nan da wasu tsofaffi ke cewa a matse a zubar, shi ne rigakafinsa na fari. Tambayi kuma rigakafin ranar haihuwa, na tarin fuka da ɗigon shan inna da na ciwon hanta, da man kulohezidin na cibiya, wanda ya maye gurbin gashi da tsumma da man goge baki.

Mataki na tara: rajista, jaka, da ranar tafiya

Da kin yanke shawara, ki yanki kati a can, ko da kina ci gaba da awo a kusa da gida. Wadda aka sani da fayil ba ɗaya take da wadda ta faɗo da dare ba a san komai nata ba. Ki koyi ƙofar da ake shiga da dare da inda ɗakin haihuwa yake. TH gari ne guda, mai naƙuda ba ta da ƙafar neman hanya. Jaka ta kasance a ɗaure daga wata takwas: kati, zannuwa, audugar mata, kayan jariri, fitila, cajar waya, abin da asibiti ya rubuta.

In ciwo ya fara zuwa a jere yana ƙara matsowa, a kama hanya. Kada a tsaya kemis a yi allurar ƙara naƙuda, kada a sha wani jiƙo don a hanzarta ta. Abin da ke matsa mahaifa ba tare da mai lura ba yana iya fasa ta. Akwai kuma alamun da ba a jiran naƙuda ma, ko ciki wata nawa ne: jini ko kaɗan ne, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, jijjiga, zazzaɓi mai zafi, faya ta fashe ba ciwo, ɗa ya daina motsi, ko hannu ko cibiya ta riga fitowa. Da ɗayan waɗannan, a wuce ƙaramin asibiti, a miƙe babban kai tsaye.

Bayan an sauka lafiya, dangi za su fara cewa a sallame ku, ruwan wanka yana kan wuta, 'yan barka sun cika gida. Ki zauna ki cika awa 24. Mafi yawan zubar jinin da ke kisa a wannan tsakanin yake zuwa, kuma jijjiga tana iya kama mace bayan ta haihu. Kafin ki fita a sake auna hawan jininki, a duba idon jariri da cibiyarsa, a rubuta miki ranar dawowa, ki kuma karɓi lambar ɗakin haihuwar ki sa a waya.